Hancin Inna da wayar fanka

"Tsaya, roba na ƙonewa," in ji Inna, mahaifiyata, daga kujerar baya. Muna hanyar Tirmini za mu gaisuwa. Ni ban ji warin komai ba, na tsaya ne don kada ranta ya ɓaci.

Ina ɗaga murfin inji, sai ga wayar fankar da ke sanyaya shi tana hayaƙi. Mahaɗinta ne ya saki, zafi ya narkar da robar. Na cire kan batir, ta huce, na ɗaure na naɗe.

Na ce, "Inna, kin cece mu."

Ta ce, "Tun da idona ya tafi, sai yau na yi magana aka tsaya."

Na tayar da mota muka ci gaba da tafiya. Ku fa, yaushe rabonku da sauraren tsofaffinku?