Usta Mainasara da Gwiwar Fatna

Kafin masu shaguna a unguwar Abbasiya ta Alƙahira su ɗage ƙofofinsu, Baba Mainasara ya riga ya iso. Daga masallaci yake biyawa wurin mai dafaffen wake, ya riƙo abin karyawarsa a leda, ya shige lungun da ke bayan tashar bas, ya buɗe ɗan shagon nan da ko allon suna ba shi da shi. Ba ya sa komai a baki sai ya goge injin feƙe ƙarfe tas, ya ɗiga masa mai, ya kunna shi ya tsaya yana sauraron kukansa. Can sai Isam ya shigo, Bamisiren da ya karanci aikin ƙafar roba, ya tarar shayi ya huce, ya hau mita. Su biyu ne a wurin, wata ƙungiyar agaji ce ta kama musu shagon. Isam ke auna dungun ƙafa ya yi masa mazauni, Baba kuma shi ke ƙera ƙarfen da ke lanƙwasawa, wato gwiwa da idon sawu. Mutanen lungun kuwa Usta suke ce masa, sunan da Misrawa ke ba gwanin sana'a. Mu Hausawa Baba muke cewa.

Wata mai kamawa zai ajiye aiki ya koma Talata Mafara, don ido ya fara yi masa gardama. Da na ce zan yi rubutu a kansa sai ya tambaye ni ko karatun da ya kawo ni Masar ya ƙare ne har nake neman abin yi. To Baba, sai haƙuri, ba a ɓoye wa jama'a irin wannan.

Ɗan maƙera ne gaba da baya, a bakin zuga-zugi ya buɗe ido. Neman ilimi da abinci ya kai shi Amurka tun yana da baƙin gashi, ya samu aiki a wani kamfanin ƙera bindigogi a wata jiha mai sanyi, ya daɗe a can har hannunsa ya zama abin kwatance. Shi dai a wurinsa ƙarfe ƙarfe ne, a auna, a yanka, a miƙa. Sai jihar ta tsaurara doka a kan irin bindigogin da za a ƙera da waɗanda za a sayar wa mutane, bayan kashe-kashen da suka ishi kowa. Masu kamfani ba su tsaya dogon ciniki ba, suka ce za su kwashe kayansu su koma wata jiha a kudu inda doka ke da sassauci, kamar yadda wasu kamfanonin suka yi. Aka ce duk ma'aikacin da ke so ya biyo, kuma sunan Baba na cikin waɗanda aka fi lallashi.

Bai taɓa zagin waɗanda suka bi ba a gabana, ya ce kowa da bakunan da yake ciyarwa. Amma ya ba ni labarin ranar da ya tsaya yana kallon ana loda injuna a manyan motoci. Ya ce a gidansu ya san maƙeri na ƙaura idan gawayi ya yi wuya, ko idan manoma sun watse babu mai sayen garma, amma bai taɓa jin maƙerin da ya tashi daga gari don maƙwabta sun ce ya yi hattara da abin da yake ƙerawa ba. A ranar ya rantse da Allah hannunsa ba zai sake fitar da wani ƙarfe mai siffar kayan bindiga ba. Ya tattara iyalinsa ya taho Alƙahira da niyyar ya zauna gaban malamai a tsufansa. Karatun dai ya ɗan taɓa, amma hannun maƙeri ba ya iya zama a aljihu, har Allah ya haɗa shi da Isam.

Wanda bai san shi ba zai ce mutum ne mai tsare gida, don magana ba ta dame shi ba. Sai dai ku tambayi Marta, wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwar Dokki. Ita ta gan shi a tsakiyar cunkoson kasuwar Ataba, ya je sayen noti da maɗauri, ya tsayar da wani ɗan dako da bai taɓa gani ba don kawai ya lura ƙafar robarsa na karkata. Ya zaunar da shi a kan kwali, ya durƙusa a gabansa da farin gemunsa, ya kwance ya ɗaure, mutane na ratsa su ta ko'ina. Marta ta ce ta tsaya kallo har ta manta abin da ya kai ta kasuwa.

Ni kuwa abin da na gani da idona shi ne na Fatna. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, kakanninta suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka zauna a hanya. Yaƙi ya koro ta zuwa Masar, harsashi ya same ta a gwiwa tana gudu, aka yanke ƙafar daga cinya. A masallacin mata muka saba, ina ganinta kullum a kan kujerar roba a ƙarshen sahu. Tana da ƙafar da aka ba ta a wani wuri, tana takawa da ita, amma gwiwar ba ta lanƙwasa yadda za ta kai ƙasa. Malamai sun gaya mata sallarta a zaune ta yi, ita ma ta san haka, ba jahila ba ce. Da na ƙara tuna mata sai ta ce, "Na sani, 'yata. Goshina ne ke kewar ƙasa." Washegari na kai ta wurin Baba.

Aikin ya ba su wuya. Ana son gwiwar da za ta ƙulle gam idan Fatna na tsaye, kada ta zube, sannan ta saki da taɓawa ɗaya ta saman zane idan za ta durƙusa, ta kuma sauke ta a hankali. Baba ya ƙera ta farko, ta ƙi saki. Ya ƙera wata, ta saki ba a nema ba, Fatna ta faɗi a gabanmu, Allah ya sa Isam na kusa ya tare ta. Isam mutum ne mai tausayi, ya ce khalas, ya isa haka, kada a karya mata ɗaya ƙafar a garin neman gira, kujerar ma rahama ce. Da na ga fuskar Baba, na san akwai abin da yake ɓoyewa.

Ashe ya san maganin tun farko. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin bindiga da ke riƙe kunama, ba ya motsi ko an jefar da bindigar, amma yatsa ɗaya ya ishe shi ya saki. Shi ne abin da Baba ya fi kowa iya fitarwa a wancan kamfanin, shi ne kuma abin da ya rantse a kansa. Ya yi ta kewaye-kewaye don kada ya koma gare shi, kewayen ya ƙi. Ya je ya tambayi malamai, suka ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya aikata alherin. Ya ciyar da miskinai kamar yadda aka ce. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, sai Baba ya ce saura izinin mai ƙafa.

Isam ya ce babu dalilin tayar mata da hankali, wa zai leƙa cikin gwiwa ya ga siffar ƙarfe? Ni ma bayan Isam na bi. Baba ya ƙi. Ya sa na kira Fatna, ya zauna nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Hajiya, kafin in zo nan bindiga nake ƙerawa. Abin da zan sa miki a gwiwa, irinsa ne ke cikin abin da ya raba ki da ƙafarki. Ban san wata hanya ba. In ba ki so, ba zan ga laifinki ba."

Fatna ta dube shi. Ta jawo sandarta ta miƙe ta fita, ko sallama babu. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan tsoho ya ɓata rawarsa da tsalle. Ta ɗauke ƙafa daga shagon, in na je gaishe ta sai ta kawo zancen tsadar albasa. Baba kuma bai taɓa ƙarfen ba, ya ajiye shi a kan tebur yana jira.

Wata ranar Laraba da hantsi sai ga ta. Ba ta zauna ba, daga bakin ƙofa ta yi magana.

"Wanda ya harbe ni bai tsaya ya tambaye ni ba. Kai ka tambaye ni. Yalla, ya Hajj, ƙera."

Ranar gwaji la'asar ta same mu a shagon. Na shimfiɗa mata darduma tsakanin injin da bango. Baba ya ja Isam suka fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya, don ba ya kallon mace tana salla. Fatna ta tayar da kabbara, ta yi ruku'u, ta ɗago. Na ga hannunta ya sauka gefen cinya, na ji ɗan ƙas. Ta fara sauka a hankali. Gwiwa ta taɓa darduma, tafuka suka biyo, sannan goshi. Ta daɗe a wurin har tsoro ya kama ni, sai na ga kafaɗunta na rawa.

Daga ƙofa, ba tare da ya juyo ba, Baba ya ce, "Zulfa, ta kai?"

Na ce ta kai, Baba. Ya gyaɗa kai, ya sa hannun riga ya share fuska. Ban taɓa jin girman mutum ya cika mini ido kamar ranar ba, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kai ne, Baba, maƙerin da aka kira zuwa inda doka ba ta matsa ba, ka ce a tafi ba da kai ba. Kai ne ka riƙe rantsuwa shekara da shekaru, ka kuma san ranar da ya kamata a sauke ta. Na maƙera, mai hannun albarka, ba ka taɓa ɗaukar mai rauni a matsayin wanda za a yanke wa shawara a bayan idonsa ba. Mun gode, mu da waɗanda ke takawa a titunan garin nan da ƙarfenka ba su ma san sunanka ba.

Masu sana'a a cikinmu, da mu masu karatu da za mu koma gida da takardu, mu dubi wannan dattijo. Kowa ya tambayi kansa inda aikin hannunsa ke ƙarewa, da jikin wa yake sauka, tun kafin wata doka ta tilasta masa.

Allah ya kai ka gida lafiya, Baba, ya ƙara wa idonka haske. Fatna ba za ta iya rako ka filin jirgi ba, amma ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka, duk sallar da ta yi, ba ta ɗaga goshinta daga ƙasa sai ta ambaci sunanka.