Kifin Maidaji Mai Fitila a Ƙarƙashin Ido

Maidaji na tsugune gaban akwatin gilas mai cike da ruwa yana ɓare ƙananan jatan lande da farce. Haka yake yi kowace safiya kafin ya tafi ɗaurin dilolin tufafi a kasuwar Guangyuan ta ƙasar Sin: ya ja labule, ya kashe ƙwan lantarki, ya jira. Can sai ɗigon haske biyu su bayyana a ruwan, kore-kore, suna ƙiftawa. Baƙin kifi ne, bai cika tafin hannu ba. Ɗan Sin ɗin da ya sayar masa ya ce daga ramukan duwatsun teku aka kamo shi, ba ya son rana, ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri.

Maidaji ɗan masunta ne daga Yawuri. Ya baro 'yarsa Madina tana shekara takwas, yanzu ta kai sha takwas. A waya, in an gama gaisuwa sai shiru, har kifin nan ya zo. "Baba, yau ya kunna?" Daga nan hira ke buɗewa. Ta samu gurbin karatu a unguwar Tianhe, nan birnin da yake zaune, za ta iso a Satumba, ya yi mata alkawarin za ta gani da idonta.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya. Dole ya fita Hong Kong na kwana huɗu don sabunta ta. Ya bar wa maƙwabcinsa Barmo makulli, Bakano mai sarin takalma, mutum mai tausayi. Abincin kifin kaɗai ya tuna ya yi masa bayani.

Ya dawo da hantsi ya tarar da labule a yaye, rana ta cika ɗaki. Kifin na kwance a ƙasan akwatin.

"Wallahi alheri na nufa, Sarkin Ruwa," in ji Barmo daga bakin ƙofa. "Na ɗanɗana ruwan, gishiri kamar miyar gwauro, ga duhu. Na ce dabba ma tana da hakki. Ruwan kwalba fa na zuba masa, ba na famfo ba."

"Na sani, Alhaji."

Ya sa hannu ya tsamo shi. Wurin fitilar ya koma fari kamar ƙwayar wake. Ya naɗe shi a hankici.

Waya ta yi ƙara a kan katifa, sunan Madina ya fito.

"Ka ɗauka mana," in ji Barmo.

"In ce mata me?"

Ya zura takalmansa, ya raɓa ta gefen Barmo ya fita, wayar na ta ƙara.