Kwale-kwalen Yaya da Yatsun Anti

Yayana direban bas ne har ciwon gwiwa ya ajiye shi. Duk shekarun nan hanyarsa ɗaya, ta kan gadar da ta ratsa tafki, kuma kullum sai ya rage gudu ya leƙa ruwa, fasinjoji na ta tsaki. Da ya bar aiki sai ya zama wani iri: ba hira, ba dariya, abinci ma sai an yi da gaske. Rannan kwatsam ya shigo da fallayen katakon filawud, wai kwale-kwale zai haɗa. Na ce, "Yaya, kai da ko iyo ba ka iya ba?" Ko kallona bai yi ba.

A baranda ya baje aikin, daidai gefen inda matarsa ke kitso. Anti muke ce mata. Tun da albashi ya tsaya, da kitson nan ake cefane a gidan. Tana da wata 'yar kujerar katako da masu kitso ke zama a kai, duk ta yi sheƙi saboda zama.

Ya yanka fallayen, ya huda gefunansu, ya ɗinke da waya. Sai batun gam, wanda ake kira ifoksi. Ruwa biyu ne, a auna a haɗa, a zuba garin katako ya yi kauri, a cike kowace kusurwa kafin ya daskare. To nan fa Yaya ya sha kunya. Yatsunsa na riƙon sitiyari ne, layin gam ɗin ya fito duk tudu da kwari. Anti ta gama kallonsa, ta ce, "Matsa, Direba." Ta ja yatsa ɗaya tun daga goshin jirgin har ƙarshe, sumul. Ranar na ji dariyar Yaya tun daga ƙofar gida.

Daga nan kusurwa ta zama aikinta. A jikin galan an zana safar hannu ƙarara, kuma ya saya. Sau ɗaya ta sa ta cire, wai ba ta jin aikin. Shi kuma bai matsa mata ba, don layin ya fi kyau in ba safa. In sun gama sai ya tsiyaya mata tina, ruwan tsinka fenti, ta wanke hannu, yadda ya saba ganin ana goge baƙin mai a gareji.

Ni na fara ganewa. Tana min kitso na ji hannunta na karce ni kamar soso. Na waiga, wayyo Allah! Yatsun sun kumbura, sun tsattsage, ruwa na fita. Ta ce, "Don Allah kar ki gaya masa. Ba ki ga ya fara cin abinci ba?" Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Da rabin kai a tsefe na isa wajensa, na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah! Katako kake kallo, ba ka kallon hannun matarka?"

Ya je ya kama hannunta ya juya. Can ya ce, "Na gani tun makon jiya. Cewa na yi bari dai mu gama gefen hagu."

Likita ya ce fatar ta riga ta ɓata da gam ɗin, ko ƙurarsa kar ta ƙara shaƙa. Magani ya rage kumburin, amma da ta taɓa man kitso ko sabulu sai yatsun su sake buɗewa. Masu kitso suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina wani wuri nake zuwa yanzu, in zan shiga gidan sai na ja ɗankwali har goshi, kunya kamar ta kashe ni.

Yaya ya lulluɓe jirgin da tamfol. Shi ke wanke-wanke, shi ke wanki, maƙwabta na tsokanarsa ko a jikinsa. Ya koma rashin magana, har ya fara neman wanda zai kwashe katakon kyauta. Anti ta ji, ta ce, "Au, hannun nawa ya tafi a banza ke nan? Wallahi sai ka gama shi."

A garejin wani abokinsa ya ƙarasa, da safa har biyu, yana shafe gam ɗin da bayan cokali. Gefen daman duk a karkace, amma ba ya yoyo. Ranar da za a kai shi ruwa aka tsaya da shi a ƙofar gida, sai aka ga bai yi wa jirgin wurin zama ba. Yana laluben guntun katako, Anti ta shiga baranda ta fito da 'yar kujerar nan a rungume, don yatsun ba sa riƙo.

Ya ce, "Haba, Maman yara, masu kitso fa?"

Ta ajiye ta a tsakiyar jirgin, ta ce, "Ɗauka, Direba. Ai ba mai zama a kai yanzu."