Inna Huraira da Hayaƙin da Ba Wuta

A unguwar bayan kasuwa a Birnin Gwari, in yaro ya wayi gari yana firgita, ko jariri ya ƙi nono, kafin wani ya ambaci asibiti za ka ji an ce, "A kai shi Inna Huraira ta shinshina shi."

Shinshinawar ce rabin aikinta. Za ta ɗora yaro a cinya, ta kai hanci wuyansa, ta lumshe ido. Sai ta ce shawara ce, ko ta ce sanyi ne, ko ta kalli uwar, ta tambaye ta ko ta bi da shi ta bakin rafi da tsakar rana. Ragowar aikin kuma na kasko ne. Ta zuba garwashi, ta barbaɗa sassaƙen hano da ƙaron maje da tazargade, ta zaunar da mara lafiya a kan 'yar kujera, ta lulluɓe shi da kaskon duka da wani tsohon bargo mai ruwan ƙasa.

A wani ƙauye kusa da Gwaska aka haife ta, inda gonar ƙarshe ke haɗuwa da daji. Uwarta ce ta koya mata itatuwa, ta kuma bar mata doka guda: ba a ɗaga bargo sai hayaƙi ya ƙare. Duk kukan da ya fito daga ƙarƙashinsa ba na yaron ba ne, na wanda ya shiga jikinsa ne. In kukan ya yanke, to baƙon ya tafi. Shekara arba'in da wani abu Inna tana aiki da wannan doka, kuma ba ta taɓa karya ta ba.

Hancin nan ne ya fitar da ita daga ƙauyen da rai. Wata safiya tana tankaɗe, sai ta shaƙi wani hayaƙi, ta ajiye rariya ta ce wa ɗanta Nababa, "Tashi ka kwance awaki."

"Inna, ƙona gona ake yi."

"Gona ba ta da katifa. Akwai katifa a cikin hayaƙin nan."

Kafin 'yan bindiga su iso gefensu, gidan ya zama wayam. Ta shigo Birnin Gwari da kasko a ka, bargo a kafaɗa, jikarta Saliha mai shekara bakwai tana riƙe da gefen zanenta. Uwar yarinyar ta rasu tun tana goye, saboda haka ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, faɗa ɗaya suke yi kullum a kan wa ya cinye ƙanzo. Tun daga ranar Inna ba ta sake shiga daji ba. Sassaƙen da take sara da hannunta, yanzu wani mai gawayi ke kawo mata, tana karɓa tana mita.

A daminar da Saliha ta cika sha biyar aka fara maganar tsohuwar firamaren bakin daji. Ajujuwa uku ne, malamai sun daina zuwa tun shekarun gudu, ciyawa ta kai taga. Matan da ke wucewa neman itace suka ce da la'asar sukan ga farin hayaƙi yana fitowa ta tagar ajin ƙarshe. Ba ya tashi sama kamar na murhu. Yakan fito a dunƙule, ya tsaya, ya ɓace. Wata ta ce ta ji dariya ƙasa-ƙasa, da tari. Wata mai ƙarfin hali ta leƙa washegari da safe, ba toka, ba gawayi, ba ko tsinken ashana. Amma ajin yana ƙamshin mangwaro.

"Mangwaro a watan takwas?" in ji Inna. "Ko ganyensa ya manta da 'ya'ya."

Ba ta yi dariya ba. A inda ta tashi, in ka ji ƙamshi mai daɗi a daji kuma ba ka ga furen da ya kawo shi ba, sai ka yi sallama ka canja hanya, don ka taka ƙofar gidan mutanen ɓoye.

Bayan kwana kaɗan ta ji ƙamshin a ɗakinta. Saliha ta dawo daga Islamiyya ta rataye hijabi a ƙusa, Inna ta zo wucewa ta tsaya cak.

"Ke, zo nan."

"Tsohuwa, yau kuma me hancin ya kamo? Ɓera?"

"Ɓeran gidanku. Buɗe bakinki. Me kika sha?"

"Alawa ce Karima ta ba ni."

"Na san alawa. Alawa sukari ce da kala. Wannan mangwaro ne da bai taɓa ganin itace ba. Ta ina kuke dawowa?"

"Ta hanya mana, Inna. Ko ta sama kike so mu biyo?"

Inna ta bar maganar, amma abin ya tsaya mata a rai. Tunda take, ba ta taɓa jin ƙamshin da ta kasa kiran sunan uwarsa ba. Ba saiwa ba ne, ba ƙaro ba, ba turaren kanti ba. A ƙarƙashin zaƙin akwai wani abu mai sanyi, kamar ka lashi cokali.

Dama Saliha tana da ciwon ƙirji tun tana ƙarama, in damina ta yi nisa sai ya ɗan taso. Wannan karon ya zo da wani salo. Ta daina cin tuwo sosai. In la'asar ta yi ba ta fita ba, sai ta kasa zama wuri ɗaya, hannunta yana rawa, ta yi wa kakarta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, can kuma ta fashe da kuka. Muryarta, wadda saboda ita malaman Islamiyya ke sa ta jan baƙi a gaban aji, ta dushe. Kuma in ta yi barcin rana, Inna takan ji sauti biyu daga ƙirji ɗaya: numfashin yarinyar, da wani siririn fito a bayansa, kamar wani yana kiran kare daga nesa.

Da wata maƙwabciya ta ce ta ga Saliha da ƙawayenta suna fitowa daga ciyawar firamare, Inna ta gama haɗa lissafinta.

Ranar Talata da hantsi yarinyar ta kasa tashi daga bakin rijiya. Ta dafa bokiti, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Nababa yana zaure yana gyaran mashin ɗinsa. Inna ba ta kira shi ba. Ta hura garwashi, ta zuba hano da ƙaron maje, sannan ta kwance wani ƙulli da ba ta cika taɓawa ba, ta ɗebo busasshen barkono kaɗan. Na baƙo mai taurin kai ne.

"Inna… kada…"

"Ba da ke nake ba, uwata. Zauna."

Bargo ya rufe. Tari ya fara, sannan fiton nan ya tashi, ya yi ƙarfi har ya cika tsakar gida. Bargon yana motsi. Inna ta danne gefensa da ƙafa tana karanta abin da ta sani.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Deborah, 'yar Gbagyi mai aiki a ƙaramin asibitin unguwa, wadda ke sayen turaren kaya a wurin Inna, Inna kuma ke karɓar maganin ciwon gwiwa a wurinta, kowacce tana cewa na ɗayar ba ya aiki. Ranar tana gida tana shanya. Sai ga kanta a saman katanga.

"Inna Huraira! Wa ke cikin bargon nan?"

"Koma ga wankinki, 'yar Andrawus."

"Saliha ce? Wayyo Allah. Mai asma kika sa a hayaƙi? Har da barkono nake ji!"

"Ba ita ke kuka ba. Kin san abin da ke firamare?"

Deborah ba ta tsaya zagayawa ta ƙofa ba. Ta taka turmi ta diro, zanenta ya kama a kwalbar katanga ya yage. Inna ta sha gabanta ta buɗe hannuwa.

"In kika ɗaga, ya zauna ke nan har abada. A gabana aka yi wa wata a Gwaska."

"Mama, don girman Allah. Ni na san sautin nan, kullum ina jin sa a wurin aiki. Hanyar numfashinta ce ke rufewa."

Suna cikin haka fiton ya yi ƙasa. Ya sirance. Ya yanke.

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin garwashi yana ƙara. Fuskar Inna ta saki.

"Kin ji ko? Ya tafi."

"Bai tafi ko'ina ba," in ji Deborah. "Mai fito yana samun numfashi ko da kaɗan ne. Wanda ya yi shiru fa?"

Inna ta juya. Hayaƙi bai ƙare ba, yana ta bulbulowa ta gefen bargo. Ta ƙasa ƙafar Saliha ɗaya ta leƙo, da lallen da Inna ta ƙunsa mata da hannunta. Duk yaran da ta taɓa lulluɓewa, in baƙo ya tafi, sukan janye ƙafa, su nemi fita. Wannan ƙafar tana kwance a gicciye, kamar takalmin da aka manta.

Da kanta ta fizge bargon.

Saliha ta zube gefe, idanu a buɗe, leɓunanta sun yi toka-toka. Wani abu ya faɗo daga cikin rigarta ya gangara har bakin kasko. Kamar biro ne mai kauri, ruwan ɗorawa, da 'yar fitila a gindinsa tana ƙiftawa. Inna ta ɗauka ta kai hanci. Ga mangwaron nan, ga sanyin cokalin a ƙarƙashinsa.

"Nababa!" Deborah ta ƙwala kira. "Ta da mashin!"

Su uku suka hau, yarinyar a tsakiya. Inna ta bi su a ƙafa har babban asibiti, ba mayafi, abin yana ƙulle a gefen zanenta. Da ta shiga ɗakin, ta tarar an ɗaura wa jikarta wata roba a hanci da baki, wani ɗan inji yana gurnani, farin tururi yana fita ta gefen robar. Ta yi kukan kura za ta cire. Deborah ta riƙe ta ta baya.

"Wani hayaƙin kuma? Ku ma?"

"Wannan magani ne, Mama. Buɗe ƙirji yake yi. Zauna ki saurara."

Ta zauna ta saurara. An daɗe. Sannan fiton ya dawo, siriri, kuma wata ma'aikaciya ta ce alhamdu lillahi. Inna ta kalle ta. Sautin da ta yi mako uku tana tsoro, shi ake yi wa godiya.

A baranda Deborah ta yi mata bayani. Shishar aljihu ake ce masa. Samarin da ke zuwa haƙar zinare da masu zuwa Kaduna ke shigowa da shi. Ba ya buƙatar ashana, batir ne a ciki yake dafa wani ruwa. A cikin ruwan akwai abin nan na taba mai kama mutum ya hana shi sakat, sai dai an rufe shi da ƙamshin kayan marmari don kada ya yi ɗaci a bakin yaro. Ba ya barin warin da uwa za ta gane. Karima, ƙawar Saliha, ta riga ta faɗa wa Nababa komai tana kuka: su shida ne, ɗaya suke zagayawa da shi baki zuwa baki a ajin ƙarshe, don nan ne ba mai zuwa.

"Ba mai zuwa saboda mun ce akwai mutanen ɓoye," in ji Inna a hankali.

"Su ma sun ji kuna faɗa. Shi ya sa suka zaɓi wurin."

Inna ta taɓa ƙullin zanenta. "In jefa shi a murhu?"

"Kul! Fashewa zai yi. Ki riƙe, zan san yadda za a yi da shi."

Kwana biyu Saliha ba ta yi magana ba. Likita ya ce ta tsallake, amma ƙirjin zai daɗe yana jin jiki, kuma ko hayaƙin girki a nisanta ta da shi. Inna ba ta bar gefen gadon ba. Matan unguwa biyu sun zo har asibiti da jarirai a goye suna neman a shinshina musu, ta nuna musu layin masu karɓar kati ta juya baya.

Rana ta uku da la'asar yarinyar ta buɗe ido sosai. Ta kalli silin, ta kalli kakarta. Yatsunta suka fara murza zanen gado.

"Inna."

"Na'am, uwata. Ga kunu, in ba ki?"

"Inna, abin nan… yana wurinki?"

Inna ta ja gefen zanenta ta rufe ƙullin.

"Na gan shi. Ga shi can a zanenki, yana haske." Muryar a dushe take, a hankali, da ladabi. "Sau ɗaya kawai. Wallahi sau ɗaya, kaina ne ke sarawa. Ba wanda zai gani."

Inna ta matso da kunnenta, kamar yadda ta saba yi in tana neman muryar baƙo a bakin mara lafiya. Ta saurara da kyau. Ba kowa a ciki sai Saliha.

Ta miƙe, ta leƙa baranda, ta kwance ƙullin ta damƙa wa Deborah, ta ce ta tafi da shi yanzu, kada ta faɗa mata inda ta kai. Sannan ta dawo ta zauna a bakin gado, ta kama hannuwan nan biyu masu rawa ta haɗa cikin nata.

"Sake ni, tsohuwa."

"Zage ni in kin ga dama," in ji Inna. "Ina nan."