Jihaz ɗin Barau a Cikin Jar Fata

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare matafiyi a tudu da ruwa. 'Yan'uwa na Haɗeja, kun ce in na dawo Umara in ba ku labarin Jidda. To ga labarin kwana biyu daga ciki, waɗanda ƙanena Barau ya rantse mini awa biyu ne.

Ga wanda bai san shi ba, Barau shekararsa ashirin da ɗaya a Jidda, yana jan wani ƙaramin jirgin kamun kifi na kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa. A gidansa na sauka a unguwar Hindawiyya bayan na gama ibada. Shi ya ce ba zan koma gida ban ga teku ba.

Daga Hindawiyya zuwa tashar masunta

Ranar Litinin, ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba, muka fito. Mamman ne ya ɗauke mu, wani mutumin Damagaram mai dakon kifi a akori-kura. Muka matsu mu uku a gaba, ƙarnin kifi ya zama na huɗunmu. Mun yi salla a wani masallaci a bakin hanya, muka karya da ful da tamis na riyal takwas, da shayi.

Sai da muka miƙa kudu Barau ya yi gyaran murya.

"Yaya Malam, akwai ɗan aiki da za mu biya. Hatimi ne kawai za a buga mini."

"Wane hatimi?"

Ya ce gobe Talata ƙarfe tara masu duba jirage za su zo, kuma sun ce sai ya nuna takardar gyaran jihaz. Jihaz dai na'urar neman agaji ce. Idan jirgi ya shiga hatsari a tsakiyar teku, inda waya ba ta kamawa, ita ke aika kuka sama zuwa tauraron ɗan'adam, daga can a sanar da masu ceto inda mutane suke. Kafilin ya gaya masa gaba da gaba: idan jirgin ya faɗi wannan dubawa, halas, zai miƙa shi ga wani. Iƙamar Barau kuwa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a kan wannan aiki take.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Bai fi sati uku ba."

Na yi salati, na kalli taga.

Kilomita arba'in da biyu muka yi. Ƙarfe shida da kwata muka tsaya a ƙofar tashar. Masu gadi suka karɓi iƙamar mutum biyu da fasfona, suka duba, suka ce baƙo zai iya shiga har bakin ruwa amma ba zai fita teku ba. Ban yi musu ba, don na ga ruwan, na kuma ga jirgin.

A cikin jirgi

Barau ya shigar da ni ɗakin tuƙi yana murmushi kamar mai nuna ɗansa na fari. A saman sitiyari, kusa da carbinsa, wani abu ne rataye mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, an ɗinke shi tsaf cikin jar fata, da tuntaye da zanen baƙi a gefe. Wallahi na ɗauka gafakar Alƙur'ani ce, har na miƙa hannun dama. An kuma naɗe shi da igiyar roba zagaye huɗu a jikin ƙarfe.

"Shi ke nan jihaz ɗin," in ji Barau. "Wani baduku ɗan Sakkwato ya yi mini, shekara shida ke nan. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

"Igiyar fa?"

"Kada ya faɗa ruwa mana, Yaya Malam."

A gaskiya ni ma a lokacin na ga hikima. Haka muka taso, abin da muke ƙauna fata muke sa masa: wuƙa, rediyo, littafi. Har na yaba ɗinkin.

Ya nuna mini wani farin akwati a waje, manne da bangon ɗakin. Ya ce a ciki ya tarar da jihaz ɗin lokacin da aka ba shi jirgi, rana tana dukansa, sai ya tausaya masa ya shigo da shi inuwa. Na buɗe akwatin. Sukari ne da ganyen shayi da ƙananan kofuna uku.

Khumra

Kwance igiyar ya ci minti ashirin, don gishiri ya cije ƙullin. Ƙarfe bakwai da rabi muka kama hanyar Khumra, unguwar ɗakunan ajiya da masu gyare-gyare, kilomita goma sha takwas daga tashar. Jihaz yana kan cinyata.

Mamman ya yi ta satar kallonsa.

"Malam, ka lalubo maɓallin ka kunna mana, mu gani ko yana da rai. In ya yi ƙara, wala, mun huta."

Na laluba, Allah ya gafarta mini, na laluba sosai. Kaurin fatar ya hana ni gane komai.

Shagon bai buɗe ba sai tara da minti goma. Mai shi Faisal ne, mutum mai kamar shekara arba'in, haifaffen Jidda. Kakansa ya zo aikin hajji daga Kano a ƙasa bai koma ba. Hausarsa tana tafiya ne tana dafa Larabci. Ya gaishe ni da ladabi, sannan Barau ya ajiye masa kayan a tebur.

Faisal ya dube shi. Ya juya shi. Ya shinshina.

"Ya ammi, mene ne wannan? Laya ka kawo mini?"

"Jihaz ne. Hatimi kawai nake so."

"Hatimi a kan me? A kan akuya?"

Ya ɗauko reza. Barau ya riƙe masa hannu, ya ce don Allah ya bi ɗinki kada ya ɓata fatar. Sai da na ce, "Barau, sake shi," sannan ya saki.

Abin da ya fito rawaya ne, an lanƙwashe sandarsa ta aika saƙo an matse ta a jiki har ta riƙe. A gindinsa akwai ƙusoshi biyu da suka yi kore shar da tsatsa, don fatar ta sha damshin teku ta riƙe shi shekara shida. Faisal ya goge wata takarda da ke manne a jiki, ya juyo mana da ita.

"Karanta, ya ammi. Wa'adin batir. Ya wuce da shekara uku."

"Ai ban taɓa kunna shi ba, me zai cinye batirin?"

Faisal ya ɗaga wani ɗan murfi, ya danna maɓallin gwaji. Muka zuba ido mu huɗu muna jira. Ko ƙyaftawa jihaz ɗin bai yi ba.

Ya zaunar da mu a benci kamar ɗalibai. Ya ce aikin wannan na'ura shi ne ta faɗa ruwa. Farin akwatin can na waje, akwai ɗan mabuɗi a cikinsa wanda nauyin ruwa ke sa ya saki murfi. Idan jirgi ya nitse kamar gaba biyu, akwatin ya buɗe da kansa, jihaz ya taso sama, ruwa ya taɓa ƙusoshin nan biyu, ya kunna kansa ko da babu wanda ya samu damar taɓa shi. Ya yi ta kira kwana biyu cur ko fiye.

"Kai kuma ka ɗaure shi a cikin ɗaki. Ya'ani in jirgi ya tafi ƙasa, shi ma ya bi ku, ku zauna tare."

Mamman ya fashe da dariya. Faisal ya juya kansa, ya tambaya ko mun kunna a hanya. Mamman ya ce shi dai shawara ya bayar. Faisal ya ce maɓallin gwaji daban, na kunnawa daban. Ana danna na gwaji sau ɗaya a wata, ba ya kiran kowa. Da jihaz ɗin yana da rai kuma muka taɓa ɗayan, da yanzu an tashi mutane daga aikinsu ana neman jirgin da ya nitse a kan titin Khumra. Wanda kuma ya kunna bisa kuskure, to ya kashe, ya yi waya nan take ya faɗa, kada ya ɓoye. Na sa hannuna cikin aljihu.

Na dubi Barau na ce, "Shekarar da ka rubuto mana inji ya mutu muku kwana biyu a ruwa, yana tare da kai?"

"Yana nan."

"Me ya hana ka kira?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban so in farke ɗinkin ba. Na ce sai abin ya yi tsanani."

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Akwai maganar da in babba ya faɗa wa ƙanensa a gaban mutane, ba ta gyaruwa.

Bani Malik

Faisal ya ce yana da batir, zai canza, ya wanke ƙusoshin, ya miƙe sandar, ya gwada. Amma mabuɗin akwatin ana sauya shi duk shekara biyu, nasa kuma sun ƙare. Ya kwatanta mana shagon wani Bacade a unguwar Bani Malik.

Kilomita talatin da ɗaya, cikin cunkoso, motar Mamman ba sanyi. Muka isa sha biyu da minti ashirin, daidai an rufe don azahar. Muka yi salla, muka dawo, aka ce mai shago ya tafi cin abinci, sai bayan la'asar. Muka ci shinkafa bukhari da rabin kaza, riyal ashirin da biyu, muka zauna a inuwar wani bango awa uku. Barau ya yi ƙoƙarin jan hira, ya ce ai ko ba komai na ga gari.

Na ce, "Na ga bango."

Biyar saura kwata mai shago ya zo. Ya tambaye mu samfurin akwatin. Barau bai sani ba. Aka kira Faisal, bai ɗauka ba. Aka sake kira sau huɗu. Da ya ɗauka ya faɗi samfurin, sai mutumin ya miƙa hannu bayansa, ko tashi bai yi ba, ya ɗauko wani ɗan baƙin abu da bai kai tafin hannu ba. Wannan muka yi wa yinin.

Bayan magariba muka koma Khumra. Faisal ya gama, ya danna gwaji, fitila ta walƙa, na'urar ta yi ƙara. Amma ya binciko wata kuma: lambar wayar da aka yi wa jihaz rajista da ita ta tsohon mai jirgin ce. Ya ce da an ji kukan, wancan mutumin za a fara kira, shi kuwa ya ce ya sayar da jirgin tun tuni. Aka samu kafili a waya ya gyara rajistar daga inda yake, yana faɗa, Barau yana ta "tayyib, tayyib."

Mun kwana a ɗakin Mamman a gidajen ma'aikata, katifu a ƙasa, fanka ɗaya.

Talata

Ƙarfe bakwai muna cikin jirgi, Faisal ya biyo mu da motarsa. Aka kwashe sukari da kofuna. Ya ɗaura sabon mabuɗin, ya huda masa wata da shekarar da wa'adinsa zai cika, ya kwantar da jihaz a mazauninsa ya rufe. Na ga hannun Barau ya nufi igiyar nan.

"Zagaye ɗaya kawai, saboda igiyar ruwa."

Faisal ya ce, "Wallahi in ka ɗaura, zan yaga takardar a gabanka."

Na karɓe igiyar, na zauna a kanta.

Mai dubawa ya zo tara da minti ashirin da biyar. Ya ƙirga rigunan ceto, ya duba abin kashe gobara, ya buɗe akwatin, ya karanta wa'adin batir da na mabuɗi, ya sa Barau ya danna gwaji da hannunsa. Fitila ta walƙa. Ya sa hannu, ya yi sallama. Duk abin bai kai minti goma sha biyu ba. Barau ya rungume Faisal, ya rungume Mamman, ya zo kaina na ce ya bari sai na huce.

Komawa Hindawiyya

Sha ɗaya da rabi muka shiga gida. Tun daga ƙofa Barau yake kiran matarsa.

"Hajiya Binta! Jirgi yana hannuna! Gobe da asuba za mu fita!"

Ta ce alhamdu lillahi, ta shige madafi. Shi kuma ya tafi wanka yana waƙa. Can ta kawo mini ruwa da shayi, ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba.

"Yaya, jiya da yau azumi nake. Roƙon Allah nake su karɓe jirgin."

Na ajiye kofi.

"Ya tsufa da teku. Duk fitar da zai yi, kwana huɗu ba na cin abincin kirki. Na ce in sun karɓe, ko gadi ya samu, ko mu koma gida."

Na nemi abin da zan kwantar mata da hankali. Na ce ta yi haƙuri, an gyara na'urar neman agaji, a gabana aka gwada, yanzu tana aiki.

Ta ɗago kai. "Yanzu? Da can fa, Yaya?"

Ni ba na ƙarya, kuma ban iya faɗa mata ba. Na ɗauki kofin na riƙe a bakina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki faranti ta fita.

Laraba da asuba Barau ya tafi teku, ita ta haɗa masa guzuri. Ni kuma Alhamis na hau jirgin Kano, Juma'a kafin a shiga masallaci ina Haɗeja. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Mamman da motarsa, da Faisal da rezarsa, Allah ya saka musu. Wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya sa Barau a addu'a, ya sa Hajiya Binta kafin shi.