Bayan Allon Gidan Wankan Tsattsewa

Kuramochi Teruo mutum ne da ba ya yarda da kowa, kuma sana'a ce ta mai da shi haka. Shekara kusan arba'in yana hura wuta ƙarƙashin tukunyar Gidan Wankan Tsattsewa a garin Takasaki, gidan da ya gada wurin mahaifinsa. Mai sayar da itace ya sha ɓoye masa ɗanye a ƙasan busasshe, shi ya sa har tsufansa in ka gaishe shi sai ya dube ka sau biyu kafin ya amsa. Da kowane gida ya samu bahonsa, masu wanka suka ɗauke ƙafa, sai ya sayar da wurin aka rushe aka yi filin ajiye motoci. Bai yi shawara da kowa ba. Matarsa Fusae, wadda ta tsufa a kan doguwar kujerar bakin ƙofa tana karɓar masu shiga, a bakin mai kawo madara ta ji labarin. Ba ta ce uffan ba, shi kuwa ya ɗauka shirun yarda ne.

Zaman banza ne ya kai shi ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Tsofaffi ne yawancinsu, kowa da falankinsa da yake gina 'yar unguwa a kai, sau ɗaya a shekara a haɗa falankan su zama gari guda, jirgi ya ratsa. Kuramochi ya mamaye teburin cin abinci ya gina gidan wankansa, tsayinsa bai kai tafin hannu ba. Rufi, bututun hayaƙi, tarin itace, har da ɗan mutum mai tawul a ka yana tsaye a bayan gida, wato shi ke nan. Wata rana Fusae tana goge ƙura ta taɓa ƙofar da farce.

"Baban yara, ita wannan ba ta buɗewa?"

"Na manne ta. Wa zai leƙa ciki? Ke, kar ki karya min."

Haka yake kiranta, "ke", tun suna da ƙuruciya.

Abu ɗaya ya rage masa, allon suna mai fitila da ke rataye a saman ƙofa. Irin wannan ɗan allo, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, wata tsohuwa ce a Osaka take yin sa, kuma ba ta karɓar aiki daga mutum ɗaya. Sai ƙungiya ta tara buƙatun shekara ta aika gaba ɗaya. Ƙungiyar kuma tana da dokoki biyu da ba ta wasa da su. Suna ɗaya ba ya fitowa sau biyu a garin, wanda ya riga ya riga. Sannan ba a faɗin wa ya nemi me, sai ranar kunna wuta, wato ranar da ake haɗa falankan a kunna fitilun garin.

Da Kuramochi ya je wurin sakatare Hatakeyama, sai mutumin ya hau sosa ƙeya.

"Kuramochi-san, ka yi haƙuri. An riga ka."

"An riga ni me?"

"Sunan. Gidan Wankan Tsattsewa. Wani ya nema."

"Sunan gidan ubana? Wa?"

"Ka san doka."

"Dokar ce ta hura wutar? Dokar ce ta wanke baho?"

Hatakeyama ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa. Kuramochi ya fito zuciyarsa na tafasa. Gaskiya abin ya yi masa ciwo, don ba shi da sauran komai na gidan nan sai sunan, ga shi wani ya ɗauke shi kamar laimar da aka manta a tasha.

Daga ranar kowa ya zama ɓarawo a idonsa. Wanda ya fi zargi shi ne Nirasawa, tsohon direban bas, wanda falankinsa ke manne da nasa. Nirasawa ya yi shekaru yana wanka a Tsattsewa, kuma a kwanakin nan ya gina wani gini ya lulluɓe shi da ƙyalle. Biri ya yi kama da mutum. A taro Kuramochi ya matsa kusa da shi da kofin shayi.

"Nirasawa-san, me kake ɓoyewa ƙarƙashin ƙyallen nan? Yana da bututun hayaƙi?"

"Yana da."

"Dogo?"

"Ya fi naka." Nirasawa ya ƙyalƙyale da dariya. "Sha shayinka, dattijo, ido zai gani."

Kuramochi ya daina zama kusa da shi. Ya daina ba kowa aron gam. Wanda duk ya yaba masa rufin gidansa, sai ya ce a ransa awo ya zo ɗauka. Har ya fara tunanin ko mai filin motocin ne ya shigo ƙungiyar a ɓoye don ya ƙarasa cin mutuncinsa, tunda akwai 'yan ƙungiya na nesa da ba sa zuwa taro. A gida kuwa Fusae ce ke shan ƙorafin, safe da yamma.

"Ke, kin san Nirasawan nan tun da can ban yarda da shi ba. Mutumin da ke zuwa da guntun sabulu ya tafi da sabo."

"Bai taɓa ɗaukar sabulu ba," in ji ta, tana zuba masa miya.

"Ke me kika sani?"

Ta ajiye ludayi ta koma kicin.

Ranar kunna wuta aka haɗa falankan a ɗakin taron unguwa, aka ja labule da rana tsaka. Kuramochi ya zo da takardar barin ƙungiya a aljihu. Ya riga ya yanke, da zarar ya ga sunan gidansu a kan ginin wani zai miƙa ta ya ɗauki falankinsa. Nirasawa ya yaye ƙyalle, sai ga masana'antar miyar waken soya, da bututunta dogo kamar yadda ya faɗa. Kuramochi ya ji kunya kaɗan, amma zargin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Ya bi fuskokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

Al'ada ce sakatare ya fito da kowane allo ya kunna shi a kan ɗan faranti, a zagaya da shi kowa ya gani, sannan a kira mai shi. Aka yi na kantin magani, aka yi na gidan taliya. Sai ga Tsattsewa. Fari ne da shuɗin rubutu, da 'yar tsuntsuwa a kusurwa, daidai da na gaske. Kuramochi ya karɓi farantin ya juya shi, ya sa gilashin ƙara girma. A bayan allon an zana tsagewa siririya, an ɗora mata wani ɗan zirin salatif mai ruwan ƙasa.

"To ga shi!" Ya ɗaga murya. "Ɓarawon bai ma san gidan ba. Allonmu ba shi da wannan ƙazantar."

"Yana da ita mana," in ji Nirasawa. "Tun girgizar ƙasar nan da ta zubar da kwalaben madara. Duk wanda ya zauna saka takalmi zai fita sai ya gan ta. Kai ta ƙofar baya kake shiga, ina za ka gani?"

Wasu tsofaffi biyu suka gyaɗa kai. Hatakeyama ya gyara murya.

"Wannan na Shiomi Fusae-san ne, 'yar ƙungiya ta nesa."

Kuramochi ya waiga yana neman wannan Shiomi da ido a murtuke. Sai da ya ga matarsa ta taso daga kujerar baya, cikin rigar fita, da jakarta a hannu, sannan ya tuna Shiomi sunan gidan ubanta ne. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Ta karɓi farantin da hannu biyu ta yi wa sakatare godiya. Ɗan jirgin na ta zagaya garin.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka san doka," ta ce. "Kuma gidanmu dama ba a shawara."

Nirasawa ya duƙar da kai yana gyara layin dogon da ba abin da ya same shi.

"Ni na hau kujera na manna salatif ɗin nan," in ji Fusae a hankali. "Gabansa na masu wucewa ne. Ni bayansa na yi ta kallo har gashina ya yi fari. Zan ba ka aro, Baban yara, amma ba zan rataye shi a kan ƙofar da aka manne ba. Ka buɗe ta, ka sa kujerata."

Washegari da safe ya zauna a teburin cin abinci da reza, ya bi gefen ƙofar a hankali har gam ya saki. Ciki fayau, ba komai. Ya yanka ɗan katako ya yi doguwar kujera, ya jera kwalaben fenti, ya ɗauki buroshi. Nan ya tsaya. Ya daɗe buroshin na hannunsa har fentin da ke bakin buroshin ya bushe.

"Ke," ya fara, sai ya haɗiye. "Fusae. Matashin da kike zama a kai, wane launi ne?"

Ƙarar wanke-wanke ta tsaya a kicin.

"Ka tambayi Nirasawa-san," ta ce. "Shi ya sani, ta ƙofar gaba yake shiga."