Shaidun Alkasim Tela

Alkasim tela ne, kuma duk layin Masjid India ban ga wanda ya kai shi iya wuyan riga ba. Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, karatun ya ƙi, ya hau keken ɗinki a shagon wani Ba'indiye, har yau bai sauka ba. Ni Ubale, yadi nake sayarwa kusa da shi, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni. Mutumin kirki ne, ga cika alkawari, abin da ba a cika samu wurin teloli ba. Aibinsa ɗaya, in ya kafe a kan magana, ko za ka wuni kana yi masa bayani ba zai motsa ba.

Matarsa Afnan 'yar ƙasar ce, malamar firamare a Sentul, 'ya'yansu biyu. Takardar zamansa ta dalilinta ya samu, kuma wannan abu yana ci masa rai, musamman da samarinmu marasa kunya suke kiran irinsu mijin Hajiya. Shi ya sa da suka samu wani gida a hawa na takwas a Sentul, burinsa duka bai wuce a ga sunansa a takardar gidan ba, a san shi ya ajiye matarsa, ba ita ta ajiye shi ba.

A nan ba a cinikin gida sai da lauya. Afnan ta kai shi wurin wata lauya da ba ta da aiki sai na gidaje. Matar nan ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙaramin gida irin wannan ba, sai manya masu tsadar da ta fi ƙarfinsa, saboda haka sunan Afnan kaɗai zai hau. Ta ce in yana so, za ta zauna da su ta nuna musu yadda za a kare haƙƙinsa ta wata hanyar. Alkasim bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya zo shagona yana huci, wai ta raina shi don ta gan shi baƙar fata. Na ce masa ya koma ya saurare ta. Ya ce ni ma na fara zama Bamaleshe.

Da kansa ya nemo wani lauyan, a wurin shan shayi na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak. Dalilinsa kuwa, mutumin yana da gemu, kuma ya taɓa fito da wani ɗalibinmu daga hannun 'yan sanda. Kai, jama'a! Me ya haɗa belin ɗalibi da cinikin gida? Lauyan ya ce zai duba, Alkasim bai ƙara tambayarsa komai ba. Da ya duba ɗin, sai ya kira Afnan ya gaya mata abin da waccan lauyar ta faɗa. Ta yi ta neman hanyar sanar da mijinta, amma da ta ɗauko zancen sai ya ce magana ta ƙare, yana da lauyansa.

Ranar sa hannu ya gayyace mu shaida, kamar yadda ake yi a gida. Da ni, da Malam Nasir mai yi mana raɗin suna, da Tomas mutumin Jos da ke koyarwa a wata kwaleji a Danau Kota. Har goro ya sa aka taho masa da shi daga Kano, kuma wanda ya zauna a garin nan ya san wahalar samunsa. Muka shiga jirgin ƙasa na LRT da manyan riguna, mutane suna ta kallonmu. Alkasim ya ɗinka wa kansa sabuwar shadda, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani kanti, kujerun ma ba su ishe mu ba. Lauyan ya dube mu da mamaki, ya ce ba a buƙatar shaidu, shi ne shaida. Ya tura takardun gaban Afnan. Alkasim ya gyara hannun riga, ya miƙa hannu a ba shi biro. Lauyan ya ce, da Turancin da kowannenmu ya ji sarai, babu inda zai sa hannu, gidan na matarsa ne.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, alhali ba ni aka yi wa ba. Na kafa wa fankar silin ido. Tomas ya hau latsa waya. Hannun Alkasim yana nan a miƙe, ya rasa yadda zai janye shi. Lauyan ya ƙara da cewa wa'adin mai sayar da gidan ya zo ƙarshe, in ba a sa hannu ba gidan ya wuce su.

Afnan ta ajiye biron. Ta juyo wajensa, da 'yar Hausar da ta koya a bakinsa ta ce, "Maigida, in ka ce a bari, an bari."

Ya janye hannunsa ya ce, "Sa hannu."

Malam Nasir ya yi addu'a a gurguje muka fito. Goron yana aljihun Alkasim, muna ganin tudunsa, bai fito da shi ba, mu ma ba wanda ya tambaya.

Sun tare tun bara. Babu wanda ya taɓa tsokanarsa da zancen, ina jin wannan shirun ma ya fi yi masa ciwo. Shi ya ɗinka labulen kowace taga, shi ke gyara famfo in ya lalace. Amma ya ƙi karɓar makulli. In ya dawo daga aiki sai ya ƙwanƙwasa ya jira a buɗe masa. Afnan ta roƙe ni in yi masa magana, na kuwa yi masa tatas, na ce matar nan a gabanmu ta ba shi girmansa, me kuma yake nema? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya Ubale, na sani. Kunyar ce ba ta sake ni ba."

Kwanakin baya na raka shi gida ana ruwa, muka tarar Afnan ta sauka da yaran sayo abinci. Ta bar ƙyauren katako a buɗe don iska, ta kulle na ƙarfe. Muka tsaya a baranda rigunanmu sharkaf, muna jira. Ta tsakanin ƙarafan ina hango makullinsa a jikin ƙusar da ta rataye shi tun ranar tarewa, kusa da ƙofa, inda hannunsa zai kai in ya miƙa. Shi ma yana kallonsa.